Nazarin Lamari: Kumburin Cikin Wani Ɗan Kasuwa a Guangzhou da Magungunan Gargajiyar Sin da Ya Sha

## Wanda abin ya shafa

Mutumin da wannan bayani ya shafa ɗan kasuwa ne daga Kano, mai shekara 46 a lokacin, wanda zan riƙa kira Alhaji kawai, kamar yadda kowa yake kiransa a unguwar Xiaobei ta birnin Guangzhou a kudancin ƙasar Sin. Tun 2014 yake zuwa sarin yadi da labule, yakan yi wata huɗu ko biyar a jere kafin ya koma gida. Ni kuwa ɗalibi ne a birnin a wancan lokaci, kuma da yake ina jin Sinanci, sai na zama tafintansa duk ranar da za shi asibiti. Ranaku da awon da ke cikin wannan rubutu daga littafin da nake riƙewa a lokacin na ɗebo su.

Kafin ciwon, nauyinsa kilo 78 ne. Yana da hawan jini wanda bai yi tsanani ba, yana shan amlodipine miligiram 5 kowace safiya. Ba ya karin kumallo in ban da shayi. Da rana yakan tsaya a shagon taliyar Lanzhou, irin na Musulmin ƙasar, ya zuba barkono son ransa, sannan sai wajen ƙarfe sha ɗaya na dare ya ci abinci mai nauyi a gidan abincin 'yan Afirka, ya kora da lemon kwalba mai sanyi, ya kwanta. Saboda ciwon bayan da yawon kasuwa ya sa masa, yana haɗiyar ibuprofen miligiram 400 sau biyu a yini, kuma bai taɓa lissafa wannan a cikin magunguna ba, domin a ganinsa abin rage gajiya ne kawai.

## Oktoba zuwa Nuwamba 2018: farkon ciwon

Abin ya soma ne a tsakiyar Oktoba, lokacin babban baje kolin Canton, sa'ad da ɗan kasuwa ba ya samun zama. Da ya ci loma biyar ko shida sai ya ji ya ƙoshi, saman cikinsa ya cushe kamar an tura tsumma a ƙasan ƙirji, gyatsa ta yi ta zuwa, wani lokaci da tashin zuciya. Da safe cikin yana ƙugi, bayan gida kuma ya yi ruwa-ruwa. Babu amai, babu jini, ciwon ma ba mai murɗa ba ne, nauyi ne kawai wanda ba ya sauka.

Ya fara da abin da ya sani, wato ruwan kanwa da wani abokinsa ya zo da ita daga gida. Tana sa shi gyatsa ya ji sauƙi na rabin sa'a, sannan abin ya dawo. Daga nan ya yanke wa kansa hukunci cewa olsa ce, ya sayi omeprazole miligiram 20 a kantin magani, yana sha yau ya bari gobe. Ƙwannafin da yakan ji jefi-jefi ya kwanta, amma cushewar tana nan yadda take.

## Disamba 2018 zuwa Janairu 2019: shayin sanyaya jiki da wankin ciki

Mutanen lardin Guangdong suna da al'adar shan wani baƙin jiƙo mai ɗaci da suke kira liangcha, ana sayar da shi a ƙananan shaguna a bakin titi, domin kashe abin da suke kira zafi da laima a jiki. Wata mai shagon yadi da Alhaji yake sari a wurinta ta ce masa zafi ne ya yi masa yawa saboda barkono da soye-soye. Maganar ta shige shi, don ta yi daidai da yadda mu ma a gida muke raba cuta tsakanin zafi da sanyi. Ya shiga shan kofi ɗaya kullum na tsawon mako biyu, gudawar safe ta ƙaru, sha'awar abinci ta ragu.

Sai kuma ya koma kan tunanin dattin ciki. Ya sayo wani shayi na ƙunshi-ƙunshi da aka ce yana wanke hanji, wanda daga baya da na karanta kwalinsa na ga manyan abubuwan da ke ciki biyu ne: wata saiwa da Sinawa ke kira "da huang", da ganyen fan xie ye, wanda ɗan'uwan filasko ne da muka sani. Dukansu masu sa zawo ne, suna tsokanar hanji ya yi ta turo abin da ke cikinsa. Kwana goma sha takwas ya yi yana sha kowane dare, yana zagawa sau huɗu zuwa biyar a yini, kuma yana ɗaukar hakan a matsayin alamar cewa maganin yana aiki. A ƙarshen Janairu nauyinsa ya sauko zuwa kilo 73, wandunansa sun yi masa yawa, cushewar kuma ta fi da.

A wannan tsakanin ne na fara shiga lamarin. Na je ɗakinsa na tarar da wasu ƙananan kwalaben roba masu cin mililita 10 a kan tebur, na maganin Huoxiang Zhengqi Shui, wanda kusan kowane gida a Sin yake ajiyewa saboda tashin zuciya da ɓacin ciki na lokacin zafi. Ya ce ya sha biyu, kansa ya ɗan yi nauyi. Na juya kwalin na karanta masa, na ce, "Alhaji, wannan fa akwai barasa a ciki, kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari." Ya yi salati, ya ture kwalin gefe da bayan hannu, ya ce, "Malam, ai gara ka kai ni wurin masu abin, tunda na ga alama ni kaɗai zan halaka kaina." Akwai nau'in wannan magani da ba a sa masa barasa, amma bambancin yana cikin rubutun Sinanci ne, wanda ba ya karantawa ba zai gane ba.

## 18 ga Fabrairu 2019: zuwa asibitin gargajiya

Mun jira hutun sabuwar shekarar Sinawa, wadda ta kama ranar 5 ga Fabrairu, ya wuce, sannan muka je sashen saifa da tumbi na wani babban asibitin gargajiya na gwamnati. Haka sunan sashen yake, kuma yana bukatar bayani. A wannan fanni, abin da ake kira saifa ba ita ce tsokar da mahauci yake cirowa ba. Suna ne na aikin narkar da abinci da rarraba amfaninsa a jiki. A fahimtarsu, aikin saifa shi ne ɗaga amfanin abinci sama, aikin tumbi kuma tura saura ƙasa, kuma in wannan hawa da sauka ya rikice sai abinci ya tsaya a tsakiya. Likita Li Dongyuan, wanda ya rayu daga 1180 zuwa 1251, shi ne ya fi shahara da kafa wannan ra'ayi na cewa yawancin cututtukan cikin jiki daga raunin saifa da tumbi suke tasowa.

Likitar da muka samu mace ce mai kimanin shekara hamsin. Ta sa Alhaji ya ɗora hannu a kan wani ɗan matashi, ta dafa jijiyar wuyan hannunsa da yatsu uku, dama sannan hagu, ta yi shiru kusan minti biyu. Ta ce ya fito da harshe, ta duba, ta nuna mini wata dauɗa mai maiƙo, rawaya-rawaya, da ta lulluɓe tsakiyarsa. Ta kwantar da shi ta danna saman cikinsa, ta tambaya ko da zafi, ya ce babu, sai dai cika. Tambayoyinta sun fi na kowane likita da na taɓa yi wa tafinta yawa: ko ya fi son ruwan ɗumi ko na sanyi, ko bakinsa yana ɗaci da safe, ko bayan gidan yana da wari sosai, ƙarfe nawa yake cin abincin dare. Da na ambaci shayin wankin ciki, sai ta ajiye alƙalami ta girgiza kai.

Ta ce abin da yake damunsa shi suke kira pi, wato cushewar ƙasan ƙirji wadda in an danna ba ta ciwo, kuma nasa na gaurayen zafi da sanyi ne: zafi a sama, shi ya kawo ɗacin baki da rawayar harshe, sanyi da rauni a ƙasa, su suka kawo ƙugi da gudawa. Ta rubuta masa haɗin Banxia Xiexin Tang, wanda ya fito daga littafin Shang Han Lun na Zhang Zhongjing, da aka rubuta wajen shekara ta 200 Miladiyya. Abin da ya ja hankalina shi ne, a cikin littafin an kawo wannan haɗi ne musamman domin mutumin da aka ba maganin zawo bisa kuskure har cikinsa ya cushe, kamar dai an ga Alhaji shekara 1,800 kafin a haife shi.

Haɗin na kwana ɗaya ya ƙunshi ban xia giram 9, huang qin giram 9, busasshiyar citta giram 6, dang shen giram 12 a madadin ginsen mai tsada, huang lian giram 3, gan cao giram 6, da 'ya'yan da zao huɗu, wanda dangin magarya ne sai dai ya fi ta girma da nama. Hikimar, kamar yadda ta bayyana, ita ce masu yaji, wato citta da ban xia, su buɗe abin da ya cushe, masu ɗaci, wato huang lian da huang qin, su saukar da zafi, masu zaƙi kuma su tallafi cikin da zawo ya raunana. Ta ja mana kunne cewa ɗanyen ban xia guba ne mai ƙona baki da maƙogwaro, wanda asibiti ke bayarwa an riga an sarrafa shi da citta da alif. Na roƙe ta kada a sa saiwar da aka soya da giya ko wani abu na jikin dabba, domin ana yin hakan a wasu haɗe-haɗen, ta rubuta a saman takardar.

Sai dai ba a nan ta tsaya ba. Ta ce mutum mai shekara 46 da ya rasa kilo biyar a wata uku dole a leƙa cikinsa da na'ura, a kuma gwada shi ko yana da Helicobacter pylori, wata ƙwayar cuta mai zama a tumbi, kuma ya daina ibuprofen daga ranar. Alhaji ya yarda da barin ibuprofen, amma da ya ji za a zura masa kyamara ta maƙogwaro sai ya ce a bari tukuna.

## 18 ga Fabrairu zuwa 11 ga Maris: sauƙi, sannan kumburin ƙafa

Asibitin ne yake dafa maganin ya ɗura a 'yan ledoji da aka liƙe, biyu na kowace rana, a ɗumama a ruwan zafi a sha bayan abinci. A kwana bakwai na farko tashin zuciya ya tafi, zagawa ta dawo sau biyu a yini, ƙugin ya lafa. Ranar 25 ga wata likitar ta ƙara masa na kwana goma sha huɗu. Cushewar, a ƙiyasin Alhaji da kansa, ta ragu da kamar rabi, ta kuma tsaya a nan.

Ranar 11 ga Maris muka koma, ya shigo da silifas saboda takalminsa ya ƙi shiga. Idon sawunsa biyu sun kumbura, kansa yana ciwo, ƙafafunsa ba ƙarfi. Awon jini ya nuna 168 bisa 102, alhali bai fasa shan amlodipine ba, gwajin jini kuma ya nuna sinadarin fotasiyam ya sauka zuwa 3.1, ƙasa da 3.5 da ake ɗauka a matsayin iyaka. Likitar ta sake duba takardarta, ta ce da wuya giram 6 na gan cao ya yi wannan aiki a mako uku, ta ce in tambaye shi me kuma yake sha. Ya ɗan yi jim, sannan ya zaro wata leda daga aljihu cike da yankakkiyar saiwa mai launin rawaya.

Ashe ɗacin huang lian ne ya dame shi, wanda Sinawa kansu suke buga misali da shi wajen ɗaci. Wani ya gaya masa gan cao ce mai zaƙin haɗin, ya gane ita ce irƙus-sus da ya taɓa sha a Saudiyya da azumi, sai ya tafi kasuwar magunguna ta Qingping ya auno rabin kilo. Yana tauna ta bayan kowace leda, yana kuma jiƙa cikin tafin hannu a filas ya yi ta kurɓa a matsayin shayi, abin da muka ƙiyasta ya kai giram 30 ko fiye a yini. Saiwar tana ɗauke da sinadarin glycyrrhizin, wanda idan ya yi yawa yakan sa ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa ta zubar da fotasiyam, jini ya hau. Aka dakatar da duk wani maganin gargajiya, aka ba shi ƙwayar fotasiyam ta mako guda. Kumburin ya saɓe cikin kwana goma, awon jini ya dawo 138 bisa 86 a ƙarshen Maris. Cushewar ciki kuwa, da aka bar haɗin, ta dawo kusan yadda take tun farko.

## Afrilu 2019: gwaji da kashe ƙwayar cuta

Tsoron da kumburin ƙafa ya ba shi ne ya sa ya amince da gwajin. An sa ranar 9 ga Afrilu, kuma jinkirin da gangan ne, domin huang lian da huang qin suna danne ƙwayoyin cuta, omeprazole ma yana ɓoye wannan ƙwaya, sai an yi makonni ba a sha su ba gwajin yake faɗin gaskiya. An yi masa gwajin numfashi, inda ya hura iska a wata jaka, ya sha magani, ya jira rabin sa'a ya sake hurawa a wata. An kuma leƙa cikin bayan an yi masa allurar barci. Sakamakon ya nuna yana da Helicobacter pylori, ƙwayar da Barry Marshall da Robin Warren na Ostareliya suka danganta da gyambon ciki har aka ba su kyautar Nobel a 2005. Bangon tumbinsa ya yi ja da 'yan ƙananan ƙuje-ƙuje, amma babu gyambo, babu alamar daji.

Likitar gargajiyar da kanta ta rubuta masa magungunan zamani huɗu na kwana goma sha huɗu, kamar yadda ake yi a Sin: esomeprazole miligiram 20, bismuth miligiram 220, amoxicillin miligiram 1,000 da furazolidone miligiram 100, kowanne sau biyu a yini. Ta kauce wa clarithromycin saboda ba ya jituwa da amlodipine. Kafin ta ba da furazolidone sai da ta sa aka gwada shi ko yana da ƙarancin G6PD, matsalar jini ta gado wadda ta yawaita a Guangdong kamar yadda ta yawaita a Afirka ta Yamma, domin maganin yana iya farfasa jinin mai ita. Nasa lafiya lau. Ya sha daga 15 zuwa 28 ga Afrilu, an tsara haka ne don ya gama kafin azumi. Bayan gidansa ya yi baƙi saboda bismuth, an riga an gaya masa, don haka bai firgita ba.

## Mayu zuwa Agusta 2019: azumi da haɗi na biyu

Azumi ya kama ranar 6 ga Mayu, kuma ya yi shi duka ba tare da wani magani na ciki ba. Likitar ta nemi abu biyu kawai: ya buɗe baki da ruwan ɗumi da abu mai laushi, ya kuma bar aƙalla sa'a uku tsakanin babban abinci da kwanciya. Ranar 17 ga Yuni aka maimaita gwajin numfashi, ƙwayar ta tafi.

Duk da haka bai warke sarai ba. Ɗacin baki da gudawa sun ƙare, amma har yanzu yana saurin ƙoshi, yana jin kasala bayan cin abinci, nauyinsa kilo 74. Ya nemi a maimaita masa haɗin farko tunda ya taɓa jin daɗinsa, likitar ta ƙi. Ta sa ya fito da harshe, ta ce in duba: rawayar dauɗar ta tafi, harshen ya yi fari-fari, ya ɗan kumbura har shatin haƙora ya fito a gefensa. Ta ce zafin ya wuce, saura rauni, kuma ba wa irin wannan ciki huang lian daidai yake da mayar da shi shagon liangcha.

Ta rubuta Xiangsha Liu Junzi Tang. Tushensa haɗin nan ne na abubuwa huɗu da ya zo a kundin magunguna na gwamnatin daular Song, wato ginsen ko dang shen, bai zhu, fu ling da gan cao, aka ƙara masa ban xia da chen pi, sannan mu xiang da sha ren masu ƙamshi domin motsa ciki. Chen pi busasshen ɓawon lemu ne da ake ajiyewa shekaru, wanda ya fi daraja na Xinhui ne a nan lardin Guangdong. Ta rage gan cao zuwa giram 3, ta sa ana auna jininsa duk mako biyu. Makamancin wannan haɗi, ba tare da mu xiang da sha ren ba, shi ne Japanawa ke kira rikkunshito, kuma yana cikin haɗe-haɗen gargajiya da aka gwada a asibitocinsu a kan masu saurin ƙoshi da cushewar ciki, inda aka ga yana ƙara sinadarin ghrelin mai tayar da yunwa.

Ya sha na mako takwas, daga 17 ga Yuni zuwa 12 ga Agusta, washegarin Babbar Sallah. A mako na uku ya fara cinye kwanon abincinsa, a na shida ya daina ambaton ciki sai an tambaye shi. Awon jininsa bai wuce 136 bisa 85 ba a duk tsawon lokacin.

## Disamba 2019: inda aka kwana, da abin da na fahimta

A ganinmu na ƙarshe kafin ya koma Kano, nauyinsa kilo 77 ne, ba ya shan komai sai amlodipine. Cushewar takan leƙo in ya yi cin dare mai nauyi, ta wuce da kanta cikin yini guda, yakan kuma jiƙa ɓawon chen pi da citta ya sha.

Abubuwa uku da ya sha da kansa, liangcha da shayin wankin ciki da ƙarin gan cao, duk magungunan gargajiyar Sin ne na gaske, ba jabu ba, kuma "da huang" ta cikin shayin wankin ciki da gan cao suna cikin saiwoyin da likitocin fannin suka fi amfani da su. Sun cutar da shi ne saboda an zaɓe su bisa sunan ciwo da shawarar maƙwabta, ba tare da awo ko wa'adi ba. Haɗin farko na asibiti ya yi aiki a kan tashin zuciya da gudawa, amma a ganina wani ɓangare na sauƙin daga barin ibuprofen ya zo, tunda duk a mako ɗaya aka yi su, kuma dawowar ciwon da aka dakatar da haɗin ta nuna bai taɓa tushen ba. Tushen da aka iya aunawa, wato ƙwayar cutar, magungunan zamani na kwana goma sha huɗu ne suka kawar da shi.

Haɗi na biyu shi ne na fi ba wa maganin gargajiya yabo a kansa, domin an fara shi mako bakwai bayan kashe ƙwayar, lokacin da sauran alamun suka ƙi motsi, kuma suka motsa cikin mako uku. Ko a nan ma, sauya lokacin cin abinci da warkewar bangon tumbi a hankali suna da nasu kason, kuma mutum ɗaya ba ya isa a raba wannan kaso. Kuskure mafi tsada a lissafina shi ne mako bakwai da Alhaji ya yi yana gudun kyamara, daga 18 ga Fabrairu zuwa 9 ga Afrilu, domin a cikinsu ne ƙafa ta kumbura, jini ya hau, aka kuma yi asarar wata guda ana jiran huang lian ya fita daga jiki kafin a iya gwaji.